Malafun Ƙarƙashin Ƙasa da Rawar Hannun Yayana

Ana sallame sallar asuba muka kama hanyar Kano daga Kaduna, wata Talata a tsakiyar watan Oktoban 1992. Mu biyu ne, ni da wani maƙwabcinmu ɗan kasuwa da ke kai jakunkunan fata Amurka sau biyu a shekara. Shi tafiyar ta zame masa kamar zuwa cin kasuwar ƙauye, kafin mu kai Jaji har ya fara minshari. Ni kuwa idona biyu, hannuna na kan aljihun da fasfo yake, ina ta shafawa.

Ba yawon buɗe ido ya fitar da ni ba. Yayana Habu ya shekara shida a New York. Wankin hula ne sana'ar gidanmu, shi ya gaje ta, ni kuma na kauce na zama malamin aikin katako a makarantar koyon sana'a. Da ya je can sai ya dace da aiki a wani shagon gyaran tsofaffin malafun Turawa, muka yi ta murna. To, a farkon damina wani mutumin unguwarmu ya dawo daga can, ya zo gaida Inna, mahaifiyarmu. Da na raka shi zaure sai ya rage murya ya ce, "Malam Sani, in da hali ka je ka ga ɗan'uwanka. A gabana ya ɗauki kofin shayi, kafin ya kai baki rabi ya zube masa a riga." Ashe Inna na tsaye a bayan ƙofa. Bayan kwana biyu ta kira ni ta ce, "Sani, je ka gano min shi da idonka." Wata huɗu na yi ina fafutukar biza.

A Kwanar Dangora muka tsaya karin kumallo, shayi da burodi da wainar ƙwai. Abokin tafiyata ya ce in ci da kyau, domin daga nan sai abincin jirgi. Gaskiya ya faɗa. Tsakanin Kano da Amstadam aka kawo mana wani abu fari mai tauri a leda, na yi ta juya shi ina tunanin sabulu ne, sai da na ga Baturen kusa da ni ya shafa nasa a burodi.

Mun sauka filin jirgin JFK da yammacin Laraba. Jami'in shige da fice ya daɗe yana kallon fuskata yana kallon hoton fasfo, ya tambaye ni wurin wa na zo. Na ce wurin ɗan'uwana. Ya ce me yake yi. Ni kuwa na san takardun Habu sun daɗe da ƙarewa. Na ce, "Ba shi da lafiya." Ya buga hatimi ya miƙo mini ba tare da ya ɗago ba.

A waje direbobin tasi sun yi layi. Wani dogo ya ji muna Hausa sai ya matso yana murmushi, ya ce shi mutumin Maraɗi ne, wane kartiye za mu, wato wace unguwa? Ya ajiye abokin tafiyata a Harlem, layi na ɗari da sha shida, inda shagunan mutanen Senegal da Nijar suke jere, ga teloli, ga ƙanshin soyayyen kifi. Ni ya wuce da ni Bronx, unguwar Mount Hope. Gidaje ne dogaye na jan bulo, manne da juna, kowace taga ta ƙasa da ƙarfe a jikinta. Jiniya kuwa ba ta yankewa, wannan na mutuwa wata na tashi. Kafin in sauka direban ya ce, "Malam, shawara biyu. Kada ka tsura wa kowa ido, kuma in an kira ka daga baya kada ka waiwaya."

Hawa na huɗu Habu yake. Na ƙwanƙwasa, na ji ana ta kokawa da makullai har uku, kamar mai buɗewar bai san inda suke ba. Da ƙofar ta buɗe na kusa cewa na yi ɓatan kai. Ya rame, kafaɗunsa sun rankwafa. Na miƙa hannu, ya ba ni nasa, na ji shi yana karkarwa cikin tafina kamar ɗan tsako. Bai yarda mun haɗa ido ba.

"Yaya, me ya same ka?"

"Sanyin garin ne. Shigo ka rufe ƙofa."

Habu mutum ne mai sanyin hali, tunda na tashi ban taɓa jin ya ɗaga murya ba. Amma ina ajiye jakata a kan kujera ya daka mini tsawa, wai nan wurin zamansa ne. Can kuma sai ya sunkuyar da kai yana ba ni haƙuri. Da muka zauna cin shinkafa da miyar gyaɗa na lura da hannu biyu yake riƙe cokali, dasashinsa kuma ya kumbura ya yi duhu. Na ajiye cokalina.

Washegari na ce zan bi shi wurin aiki. Jirgin ƙarƙashin ƙasa ake shiga, kuɗinsa dala ɗaya da kwata, a ba ka wani ɗan kwabo ka jefa a ƙarfe ya buɗe. Wurin jira yana warin fitsari da tsatsa, ɓeraye na kai kawo a kan layin dogo ba ruwansu da kowa. Muna tsaye sai iska ta fara turowa daga cikin ramin, alamar jirgi ya taho. A daidai lokacin ƙafar Habu ta lanƙwashe, ya yi gaba. Ban san sadda na damƙi wuyar kwat ɗinsa na fizgo shi ba. Jirgin ya wuce ta gaban fuskokinmu da ƙara. Mutanen da ke kusa ko kallo ba mu ishe su ba. Habu ya gyara kwat ɗinsa ya ce, "Santsi ne." Na duba ƙasa, a bushe take ƙayau.

Shagon yana layi na talatin da takwas a Manhattan, unguwar masu ɗinki. Mai shi wani matashin Bature ne mai fara'a, wanda ya gaji wurin daga kakansa. Tsofaffi na kawo masa gyara, masu wasan kwaikwayo kuma na zuwa neman malafun zamanin da. Malafun nan ba na kaba ba ne irin namu. Gashin zomo ne ake cuɗawa da ruwan zafi da tururi har ya haɗe ya zama kamar jikin jar dara, sai dai ya fi ta laushi.

Wurin aikin Habu a ƙasa yake, sai an bi wani siririn matattakala. Ina sauka na ja na tsaya. Bango duk kantoci ne, a kansu kuma kawunan katako sun fi ɗari, ba ido ba baki, a jere kamar masu jiran hukunci. A kansu ake ɗora malafa a ba ta siffa, kamar dai yadda masu wankin hula ke yi a gida, amma nan kowane yayi da irin nasa kan. Ɗakin ba taga ko ɗaya. A tsakiya akwai butar tururi da ke huci tun safe har yamma.

A lungu na ga manyan akwatunan katako shida. Habu ya ce a sanyin bara bututun ruwa ya fashe, da aka fasa bango don gyara sai aka tarar da wani ɗan ɗaki da aka toshe, da akwatunan nan a ciki. Cike suke da malafun da ba a ba su siffa ba, kamar mazurari, masu laushin da ba a samun irinsa yanzu. Mai shago ya yi ta murna. Tun daga lokacin Habu ke turara su ɗaya bayan ɗaya, fuskarsa cikin tururin, yana ja yana dannawa a kan katako. A nan kaɗai na ga hankalinsa ya kwanta. Ni ma katakon ya ɗauke mini hankali, na tuɓe riga na kama masa aiki. Kwana biyu na yi a ɗakin nan.

Ranar Asabar ba a zuwa aiki. Ina saukowa sayen burodi sai wata mata ta tare ni a matattakalar gidan, ta gaishe ni da Hausar kudancin Kaduna. Ta ce sunanta Rifkatu, 'yar Zonkwa ce, nas ce a wani asibitin gwamnati, a hawa na biyu take.

"Malam, kai ne ƙanensa? Allah ya kawo ka. Na yi magiya har na gaji, ya ƙi zuwa asibiti. Wai za a kira masa 'yan imagireshan."

"Shi cewa yake sanyi ne, Sista. Jiya kuma ya ce hannu aka sa masa."

Ta girgiza kai. Ta ce ta kwatanta wa wani likita alamun, da ya ji sana'ar Habu sai ya ce ai wannan ciwon masu malafa ne na zamanin kakanni. A da, da zaiba ake jiƙa gashin zomo don ya haɗe da kyau, wato farin ruwan ƙarfen nan da ke cikin ma'aunin zafin jiki. Tururi ne ke tayar da ita, mutum ya shaƙa, ta taru a ƙwaƙwalwa da ƙoda. Amma an hana amfani da ita a ƙasar tun farkon shigarsu yaƙin duniya na biyu, shekara hamsin ke nan. Likitan ya ce ba zai yiwu ba, sai fa in kayan da yake turarawa sun girmi hanin.

"Na faɗa wa yayanka," in ji ta, "ya ce kayansa sababbi ne fil, ko asu bai taɓa su ba. Ni kuma ban san yadda ake gane shekarun malafa ba. Amma akwai wata tsohuwa a cocinmu da ta san su kamar 'ya'yanta."

Aka yi sa'a ranar Litinin Rifkatu na hutu. Da safe na bi Habu shago, na jira ya shiga bayi. A saman kowane akwati akwai malafa guda da aka gama, ta samfur, a ƙasa kuma kawunan katakon da aka adana tare da su. Na ɗauki malafa ɗaya da kai ɗaya na cusa a jakata, na ce zan je gaida abokin tafiyata. Ban taɓa ɗaukar abin wani ba da izini ba sai ranar. A cikin jirgi wasu 'yan sanda biyu suka shigo suka tsaya a kaina. Ga jaka a cinyata, ta yi tulu daidai girman kan mutum. Na yi ta karanto duk addu'ar da ta zo bakina har suka sauka.

Na haɗu da Rifkatu, ta kai ni wurin tsohuwar. Baƙar fatar Amurka ce, ta haura tamanin, tana zaune a Harlem ba nisa da shagunan 'yan Afirka. Tun tana budurwa take ɗinka fatar cikin malafa a masana'anta. Rifkatu na kiranta Mama, ni ma na bi. Ta sa tabarau, ta karɓi malafar, ba ta ko kalli wajenta ba, ta kifa ta.

"Ɗana, malafa ba ta faɗin shekarunta ta waje," in ji ta. "Yayi yana tafiya ya dawo. Ciki ake dubawa."

Ta sauko da wasu nata guda biyu don in ga bambanci. Ta farko tana da ɗan siririn baki, a tsakiyar shafin cikinta an lulluɓe tambari da leda, adireshin shagon da ke jikin fatar kuma yana da lambar gidan waya mai alƙaluma biyar. Ta ce lambobin nan biyar sai a shekarun sittin aka fara su, don haka wannan yarinya ce. Ta biyu mai faɗin baki ce, lambar adireshinta alƙalami biyu kacal, ta ce wannan daga tsakiyar yaƙi zuwa shekarun hamsin. Sannan ta koma kan wadda na kawo. Ƙoƙonta dogo, fatar cikinta mai faɗi, ba leda, adireshin kuma sunan titi ne kawai ba wata lamba. Ta sa farce ta ɗaga fatar a hankali. A ƙarƙashi akwai wata 'yar takarda manne, kamar kan sarki, ta yi ruwan ƙasa.

Ta daɗe tana kallonta. Ta ce tambarin ƙungiyar ma'aikatan malafa ne, kuma tsohon ne, na kafin ƙungiyoyin su haɗe su canza shi a tsakiyar shekarun talatin. "Irinsa na fara gani ranar da na kama aiki."

Na ce wataƙila samfurin ne tsoho, sauran kayan daga baya aka zuba. Ta ce in miƙo katakon. Nan aikina ne, muka duba tare. Gunduwa biyar ne aka haɗa, in ka zare ta tsakiya sauran su faɗo, don a fitar da shi ba tare da an ɓata malafa ba. A cikin gunduwoyin na ga sawun kurfi na hannu, ba na inji ba, kuma da tsohon manne na fata aka haɗa wani tsagi, irin wanda ake narkawa a tukunya. Mama ta nuna mini lambobin da aka buga a gindinsa, ɗaya ta yayi, ɗaya ta girman kai, ɗaya ta zurfi. Ta ɗora malafar a kai, ta zauna daram. Abin da ya fi tsaya mini shi ne, jikin katakon fari ne tas. Sauran kawunan shagon duk sun yi baƙi da tururi, ramukan ƙusa sun cinye gefensu. Wannan ramukansa ba su fi goma ba.

Na ce, "Mama, wannan ba a yi aiki da shi ba sosai. Yana sabo aka rufe shi."

"To ka ba kanka amsa. Tare aka rufe su, lokacin da kasuwa ta mutu shaguna suka yi ta rufewa. Me kuma ke cikin akwatunan?"

Na ce ba komai sai wani buhu na gashin da ba a sarrafa ba, wanda Habu ke ɗiba yana cike ramukan asu a malafun gyara. Ta tambayi launinsa. Na ce toka-toka ne, amma bakin gashin ya yi ruwan goro, kamar karas.

Tsohuwar nan ta ajiye malafar a kan jarida. Ta tashi da kyar ta buɗe taga duk da sanyin da ake yi, ta je ta wanke hannu da sabulu har sau biyu. Da ta dawo ba ta zauna kusa da teburin ba. Ta ce zaiba ce ke ba gashi wannan launin. Mahaifinta a ɗakin tururi ya yi aiki. Da fari hannu ne, sai jin kunyar mutane, sai faɗa ba dalili, sai haƙora suka zube. A ƙarshe ita ke ba shi abinci a baki, kuma bai san ko wace ce ita ba.

"Wata nawa ɗan'uwanka ya yi a kansu?"

"Goma."

"Kai fa?"

"Kwana biyu."

Ta kalli hannuwana. Na ɓoye su a aljihu.

Da safiyar Talata Habu ya shirya zai fita, na riga shi zuwa ƙofa na jingina da ita. Na fito da malafar da katakon, na faɗa masa duk abin da aka gano. Idanunsa suka kaɗa.

"Sata ka zo yi mini a wurin aiki? Mutumin nan ya riƙe ni shekara biyar bai taɓa tambayata takarda ba! Matsa ka ba ni hanya."

"Ba zan matsa ba, Yaya."

Ya ɗaga hannu zai mare ni. Hannun ya tsaya a sama yana kaɗawa, yatsun na bugun juna, ya kasa saukowa inda ya nufa. Ni ina kallonsa, shi ma yana kallonsa kamar hannun wani ne. Sai ya sulale ya zauna a ƙasa, da kwat ɗinsa da komai.

"Sani, jiya na tsaya sallar la'asar na manta Fatiha. Na kai tsakiya ta ɓace mini." Ya ɗago ya dube ni. "In na je suka kama ni fa?"

"In sun kama ka jirgi ɗaya za mu hau. Inna ta gan ka da ranka."

Rifkatu ce ta kai mu. A ƙofar asibitin akwai ɗan sanda, Habu ya toge, sai da ta riƙe hannunsa kamar yaro. Ba wanda ya tambayi takardar zama. Likitan ya saurari bayanin tambari da launin gashi, fara'arsa ta ɗauke. Aka ba kowannenmu jarka, aka ce mu tara fitsarin yini da kwana. Haka muka koma Bronx, manyan mutane biyu kowa rungume da jarkarsa a cikin leda. Ba don halin da ake ciki ba da abin ya ba ni dariya.

Ni na mayar wa mai shago kayansa, na faɗa masa gaskiya. Na zaci zai kira mini 'yan sanda. Sai na ga fuskarsa ta yi fari fat, ya zauna a kan kanta yana cewa bai sani ba, wallahi irin tasu, bai sani ba. Da kansa ya kashe butar tururi ya sa wa ƙofar ƙasa kwaɗo. Bayan kwana uku wasu mutane suka zo cikin fararen kaya da takunkumi, suka kwashe akwatunan.

Kwana tara muka jira sakamako, kuma su ne mafi tsawo a rayuwata. Kullum da safe sai in miƙe hannu in ɗora takarda a bayansa, in ga ko za ta motsa. Tana motsawa kuwa, na kasa gane zaiba ce ko tsoro. In na manta sunan wani ɗalibina sai gumi ya karyo mini. Abokin tafiyata ya zo ya ja ni Harlem cin tuwo a wurin wata Bazabarma, ya nuna mini dogayen gine-gine da gadoji, amma in kun tambaye ni yau yadda suke ba zan iya kwatantawa ba.

Ranar da muka koma, likita ya fara da ni. Ya ce akwai kaɗan a jikina, za ta fita da kanta. Da ya juya ga Habu sai ya ja kujera ya matso kusa. Ya ce tasa ta yi yawa ƙwarai, amma ƙodarsa ba ta lalace ba tukuna. Za a sa shi a kan magani mai janyo ta, na watanni. Habu ya tambaya ko rawar za ta daina. Likitan ya ce za ta ragu, amma ba zai yi masa alkawarin za ta tafi duka ba. Ƙwayoyin warin ruɓaɓɓen ƙwai suke, ɗakin gaba ɗaya ya ɗauka.

Na so mu dawo tare, amma maganin a can yake. Mai shago ya ce in ya ji sauƙi ya dawo ya zauna a sama yana karɓar baƙi. Rifkatu ta ce kullum za ta leƙa shi, mutanen masallacinsu kuma suka raba kwanakin kai shi asibiti. Kafin in taho na koma na gaida Mama da turmin atamfa. Ta ce in gaya wa uwarmu wata tsohuwa a Harlem tana sa ɗanta a addu'a.

A farkon Disamba muka taso, ni da abokin tafiyata, ta hanyar da muka bi. Ana gobe tafiya Habu ya sa na sayo kaset, ya shiga ɗaki shi kaɗai da rediyo ya yi wa Inna magana, ya manne shi da salatif ya ce kada in saurara a hanya.

Abin da tafiyar nan ta koya mini ba shi da yawa, amma ya zauna. Ni mai son tsohon kaya ne, in na ga aikin mutanen da sai in ɗauka alheri ne zalla. Yanzu na san kyan abu ba ya hana a tambayi shekarunsa da abin da aka yi shi da shi. Kuma ku da ke da 'yan'uwa a waje, in sun ce suna aiki, kada ku tsaya a alhamdu lillahi. Ku tambaye su wane irin aiki, a wane irin ɗaki, akwai taga ko babu.

Na iso Kaduna da la'asar. Inna ba ta bari na cire takalmi ba. Na faɗa mata komai, ban rage ba, sannan na sa kaset ɗin. Ta zauna a bakin gado, ta kara kunne jikin rediyon. Ya gaishe ta, ya gaida dangi ɗaya bayan ɗaya, ya nemi gafararta, ya ba ta labarin yadda muka yi yawo da jarkoki a jirgin ƙasa. Har ya ƙare ba ta motsa ba.

"Muryarsa tana rawa," in ji ta.

"Tana yi, Inna."

Ta goge ido da bakin mayafi. "Amma akwai inda ya yi dariya. Mayar min da shi wajen."

Na mayar.